Shafuka Ashirin Marasa Magana

Shagon littattafai ɗaya ya rage mana a garin nan, na Tokie Funaki, wanda ke tsakanin mai gyaran keke da kantin takalman da aka garƙame tun shekara takwas. Da can huɗu ne. Amma yaran yanzu da sun gama sakandare sai su haye jirgin ƙasa su nufi Sendai ko Tokyo, a bar mu, mu tsofaffi, da ƙarnin kifi da kwasar ƙanƙara a ƙofar gida. Wa zai sayi littafi? Masu sayen ma rabinsu tabarau ya fara gaza musu.

A ƙuryar shagon, kusa da murhun kananzir, akwai kanta guda wadda Tokie ba ta ɗora mata komai sai littattafan baƙin ciki: manga, wato labaran Japan masu zane, a sama, na rubutu zalla a ƙasa. Kamar kowane mai shagon da ya san aikinsa, takan yanki ɗan kati ta rubuta ra'ayinta da hannu, ta kafa a gaban littafi. Sai dai nata katunan ba irin na sauran ba ne masu cewa maza ku saya kafin ya ƙare. Ita sai ta rubuta: "Kada ki karanta shi a jirgi, za a zuba miki ido." Ko kuma: "Ba wanda ya tsira a littafin nan, har karen." Katunan nan sun kai sunanta kunnen kamfanonin ɗab'i na Tokyo. Shi ya sa lokaci-lokaci sukan aiko mata da gwajin bugun littafi tun kafin ya fito, ta karanta, ta ba su 'yan kalmomin da za a buga a ɗamarar takardar da ake naɗa wa bangon littafi.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ganin girman katunan ba, wato Hisano Narita. Shekara talatin ta yi tana dafa wa 'yan firamare abincin rana, ta bar aiki da ƙatuwar murya da hannaye duk tabon tukunya. Kowace Alhamis da yamma za ta turo ƙofa, ta kakkaɓe ƙanƙara daga takalmanta, ta zauna a gefen murhu, ta sha shayin Tokie, ta ci biskit ɗin shinkafarta, sannan ta shiga zagin abin da aka ba ta ta karanta.

"Toki, ungo kayanki. Shafi ɗari uku mutum yana zaune a taga yana kallon ruwan sama, wai yana tunanin matar da ta bar shi. Ni ma da ni ce ai da na bar shi."

"Ke ai sai kin ga an kwashi gawa sannan ki san ana baƙin ciki."

"Ba gawa nake nema ba. A dai yi wani abu mana! Ki ba ni wanda zai sa in ƙona kifi."

Wannan shi ne ma'auninta. Littafin da ya sa ta manta kifi a kan wuta ya ci sunansa littafi. Wanda ta iya ajiyewa ta je ta juya kifin ta dawo, to wannan na tokare ƙafar tebur ne. Wanda ta fi tsana kuma shi ne marubucin da zai gasa wa mutanensa aya a hannu tun daga shafin farko, in ya zo ƙarshe ya tsorata, ya sasanta kowa da kowa a tashi ana murna. "Ruwan sukari" take kiran irin wannan. "Raina mu ya yi, Toki. Gani yake ba za mu iya ɗauka ba."

Tokie ta fi son labari mai sanyi, wanda ciwonsa sai bayan kwana uku yake taso wa mutum yana tsakar wanke-wanke. Hisano ta fi son manga, ta ce a zane ba a iya ɓuya a bayan kalmomi masu daɗi, fuska ce kawai, ko mai zane ya iya ko bai iya ba. Shekara talatin suna wannan musu, ba wadda ta ja da baya ko taku ɗaya. Abu ɗaya tak suka taɓa haɗuwa a kansa, wani dogon manga mai suna Mai Ɗinkin Raga.

Labarin Tsuya ne, matar wani masunci, wadda aka ce mata teku ta cinye mijinta. Daga baya ta ji ƙishin-ƙishin an gan shi da rai a wani gari da wani suna. Ta kulle gidanta ta bi gaɓar teku a ƙafa, ƙauye bayan ƙauye, tana ɗinke wa masunta raga don ta sami na abinci, tana tambaya. Littafi goma sha shida aka yi tana tafiya. Ta tsufa a hanya, tari ya kama ta. Sai tsohon da ke zana labarin ya kwanta ciwo, ya ajiye alƙalami shekara shida, ya bar Tsuya tsaye a bakin wata gada. Bana ne aka sanar cewa ya kammala na goma sha bakwai, na ƙarshe, kuma ba za a tsakura shi a mujalla ba, a dunƙule zai fito ƙarshen watan Afrilu.

Sanarwar ta sami Hisano a gadon babban asibitin lardi, tafiyar awa guda a jirgi daga nan. Ƙari ne ya fito mata a cikin kai. Idon dama ya tafi tun Disamba, na hagu ne ke riƙe da ita. Likitoci ba su faɗa mata kwanakin da suke hasashe ba, 'yarta Yukari suka faɗa wa, amma duk garin an san Afrilu ya yi nisa. Hisano kuwa ba yarinya ba ce, ta iya karanta fuskar mutane. Tokie ta mayar da Alhamis ɗinsu asibiti, tana rufe shago da tsakar rana ta hau jirgi.

"Ni ba abin da nake roƙo," in ji Hisano wata Alhamis. "Na ci, na sha, na aurar. Amma shekara ashirin da biyu ina bin matar nan a ƙafa. In na mutu ban ga inda ta tsaya ba, sai na dawo na hana tsohon nan sakat. Ke ai suna aiko miki da gwaji. Ranar da ya iso, ko da silifas ɗin ɗaka ne ki hawo jirgi."

"Kin san dai an hana nuna wa kowa."

"Kowa? Ni ce kowa?"

Suka yi dariya har tari ya sarƙe Hisano.

Ranar Talata, sha biyu ga Fabrairu, mai kai wasiƙa ya ajiye ƙunshin a kan teburin shago. Takardu ne warwara an matse su da ƙarfe, kowanne da hatimin gargaɗi a kusurwa, da wasiƙa mai ladabi tana roƙon a rubuta 'yan kalmomi a mayar musu da kayansu. Tokie ba ta ko zauna ba. A tsaye ta karanta shi da hantsi, babu mai shigowa balle ya katse ta.

Tsuya ta haye gadar. Ta sami garin, ta sami gidan, ta hango mijin nata da furfura yana gyaran shinge, da wata mata da jika a tsakar gida. Daga nan magana ta ƙare. Shafuka ashirin na ƙarshe babu ko harafi ɗaya. Tsuya ta zauna a bencin jiran bas da ke tsallaken gidan, tun safe, tana tari, ƙanƙara tana zuba. Mutumin ya fito da yamma, ya wuce ta gabanta, ya dube ta, ya ɗan sunkuya mata irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwar tsohuwa, ya koma ciki ya ja ƙofa. Bas ya zo ya buɗe ƙofa, ya jira, ya rufe, ya tafi. Tana nan zaune, ba ta ƙara motsi ba. Shafin ƙarshe fuskarta ce kawai.

Tokie ta daɗe dafe da teburin. Ta san ba ta taɓa riƙe abin da ya kai wannan ba a rayuwarta ta sayar da littafi, kuma ta san Hisano ce mutum ta farko da ya kamata ta gan shi. Ran Alhamis ta naɗe shi a cikin zanen ƙunshi, ta sa a jaka, ta hau jirgi.

A barandar asibiti Yukari ta tare ta. Yarinyar ta baro aikinta a Yokohama wata biyu, ta rame, idanu sun faɗa. Ta sunkuya ƙasa sosai, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Gwaggo, ki yi haƙuri, roƙo nake da shi. Shekaranjiya na same ta tana kuka a kan littafin da kika kawo wancan makon, har numfashinta yana sama-sama. Don girman zumunci, ki riƙa kawo mata masu sa dariya. Na kyanwa, ko na girki. Kwanakin nan da suka rage ina so ta yi su cikin kwanciyar rai."

Ba na ganin laifin Yukari, 'ya ce, kuma ba ta taɓa zama a gefen murhun nan ta ji yadda uwarta ke lasar baki in littafi ya sa ta kuka ba. Wadda ta sani ita ce Tokie. Amma maimakon ta ce wa yarinyar uwarki ba haka take ba, sai ita ma ta sunkuya ta ce, "To, na ji."

Ta shiga ta tarar da Hisano zaune a gado da hular saƙa a kan aski, tana bin jarida da gilashin ƙara girman rubutu a idon hagu. Wuyanta ya zama siriri, kafaɗun rigar asibiti sun yi mata yawa. Tokie ta dube ta, sai bencin jiran bas ɗin nan ya faɗo mata a rai.

"Ya zo?" in ji Hisano, ko gaisuwa babu.

"Shiru har yanzu."

"Mutanen Tokyo ke nan. Sai sun ji an ƙona gawata za su aiko."

Awa biyu Tokie ta yi a ɗakin da jakar a kan cinyarta, hannu biyu a kai. Suka taɓa hirar wani littafi na wata bazawara mai kiwon zuma, Hisano ta ce rabin farko ya yi, rabin ƙarshe marubuciyar barci take ji. Da lokacin tafiya ya yi Tokie ta ɗauki jakarta da nauyinta ta koma gida.

A jirgi ta gaya wa kanta cewa dokar kamfani ta bi. Ƙarya ne. Sau biyu a baya ta taɓa ba Hisano gwaji ta karanta a bayan kantar shago, ba ta ji ko ɗar ba. Ta gaya wa kanta cewa alkawarin Yukari ta riƙe. Wannan ma rabin gaskiya ne. Tsoro ne kawai. Shekara arba'in tana miƙa wa mutane baƙin ciki a cikin leda, su biya su yi godiya, saboda ta san za su yi kukansu su share hawaye su tashi su ɗora girki. Yau ga mai mutuwa ta gaske a gabanta, an ce ta ɗora mata hoton tsohuwa marar lafiya tana mutuwa ita kaɗai ba wanda ya gane ta. Hannunta ya ƙi.

Alhamis ta zagayo. Wannan karon ta bar ƙunshin a aljihun tebur, ta tafi da lemo da wani manga na wata kyanwa mai ƙiba. Hisano ta jujjuya shi, ta ajiye a gefe kamar an ba ta takardar magani.

"Toki, matso ta nan, ta ɓangaren idon da ke aiki. Tun da kika shigo ba ki kushe littafi ko ɗaya ba, kuma kin kasa kallona. Kin karanta shi."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wanda ya faɗa ciki haƙa yake ƙarawa. Tokie ta ce e, ya zo, amma kwana ɗaya suka ba ta, ta riga ta mayar. Hisano ta ce to a faɗa mata da baki, ya fi babu.

Tokie ta faɗa. Ta ce Tsuya ta sami mijin. Ashe katakon jirgi ne ya buge shi a kai ya manta komai. Da ya ga irin ƙullin da take yi wa raga sai hankalinsa ya dawo, ya durƙusa yana kuka a gabanta. Ya kai ta asibiti aka yi mata maganin tarin. Da bazara suka koma gidansu na da, suka buɗe ƙofa tare. Tana faɗa tana jin yadda maganar ke fitowa sumul, har da 'yan ƙawace-ƙawace, don ta karanta dubban irinsa ta san yadda ake haɗa su.

Hisano ba ta katse ta ba ko sau ɗaya, ita da ba a kai ƙarshen jimla a gabanta. Da aka gama ta gyara zaman hularta, ta haɗa hannuwa a kan bargo, ta ɗan sunkuyar da kai.

"Na gode muku ƙwarai, Funaki-san. Kun sha hanya cikin wannan sanyi saboda ni. Yukari, raka baƙuwa bakin lif."

Da ma zaginta ta yi! Da ta jefe ta da lemon nan, da Tokie ta ji sauƙi. Tunda suke, Hisano ba ta taɓa kiranta da sunan gidansu ba, ba ta taɓa ce mata "ku" ba. Tokie ta fita, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige.

To a nan ne ta yi kuskuren da ya fi na farko, kuma kuskure ne irin namu. Mu mutanen nan ba mu iya komawa washegari mu ce na yi ƙarya, ga kayanki ba. A'a. Sai an nemi kalmomin da suka dace, da takardar da ta dace, da tsarabar da za a riƙa a hannu, kada a ce an raina wanda aka ɓata wa. Tokie ta zauna rubuta wasiƙar ban haƙuri. Ta rubuta ta yaga, ta rubuta ta yaga, matar da ke iya kashe mutum da layi ɗaya a kan kati. Ta aika a yi mata alewar wake irin wadda Hisano ke so daga wani tsohon kanti a Akita, aka ce sai mako mai zuwa. Ta ce to bari ta jira. Alhamis ta zo, ta tashi ta sa kaya har da takalmi, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ji ƙarar jirgin sha biyu da rabi ya wuce. Ta cire takalmin ta buɗe shago. Mutum biyu suka shigo ranar, ɗaya ma hanyar gidan waya yake tambaya.

Sai da wata yarinya daga kamfanin ta bugo waya a mako na gaba, cikin ladabi, tana tambayar kalmomin ɗamara da kuma ranar da za a mayar musu da gwajin, sannan Tokie ta farga cewa kayan ma ba zama za su yi a hannunta ba. Ranar Alhamis, bakwai ga Maris, ta ɗauki ƙunshin da kwalin alewa da wasiƙar da ba ta gamsu da ita ba, ta hau jirgi.

Yukari na zaune a bencin baranda. Da ta gan ta ba ta ko sunkuya ba.

"Gwaggo, ina kika shiga? Wancan Alhamis ɗin tun da safe ta sa na goge mata gilashin karatu, ta sa na ɗaga mata gado, ta hana a ja labule. Ta ce yau Toki za ta zo da na gaskiyar, na san ta, kwana bakwai ya ishe ta jin kunya. Har aka kawo abincin yamma tana kallon ƙofa. Ran Lahadi ta farka ta ce in kunna fitila. Rana tsaka ne, Gwaggo. Likita ya ce ganinta ba zai dawo ba."

Tokie ta ajiye kwalin alewar a kan benci ba ta san ta ajiye ba. Ta tura ƙofar ɗakin.

Hisano na kwance an tokare ta da matasai, idanu a buɗe suna kallon wajen da ba kowa. Ta ɗan shaƙi iska.

"Warin kananzir da tsohuwar takarda. Toki ce."

"Ni ce."

"Kin zo da shi, ko wani ruwan sukarin kika damo?"

Tokie ta zube a kan gwiwoyinta a daɓen asibiti, ta kifa goshi a ƙasa, ta fara jero abin da ta haddace daga wasiƙar. Ba ta kai layi na biyu ba.

"Ji muryarki daga ƙasa. Tashi, ba ganinki nake ba, asarar gwiwa kawai kike yi. Jawo kujera. Karanta."

Ta jawo kujera ta kwance ƙunshin. Ta riƙa karanta maganganun da ke cikin zanen, tana faɗin wanda ya yi su da inda yake tsaye. Da farko abin ya tafi. Har jini ya ɗan dawo fuskar Hisano. Da aka zo inda mai kantin taba ya ƙi nuna wa Tsuya hanya ta ce, "Ɗan banza, irinsu ne suka cika duniya." Da aka zo inda Tsuya ta tsaya ta wanke fuska a famfon tasha ta gyara gashinta kafin ta shiga unguwar, Hisano ta ce, "Kin ji ko? Tsohon nan ya san mace. Wane marubucin taga ne zai tuna da wannan?" Yukari ta shigo ta tsaya jikin bango, ba ta hana ba.

Sai Tokie ta juya shafi ta daina karantawa.

"Ci gaba mana."

"Daga nan babu magana, Hisa. Zane ne kawai har ƙarshe."

"Shafi nawa?"

"Ashirin."

Hisano ta rufe idanun da ba sa gani, ta buɗe. "To faɗa mini abin da ke ciki."

Tokie ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ta ce ga benci, ga Tsuya zaune da ƙunshin allurarta a cinya. Ta ce ƙanƙara tana zuba. Shafi na gaba ma ƙanƙara tana zuba, sai dai ta ɗan taru a kafaɗarta. Na gaba ma haka. Tana faɗa tana jin yadda abin ke mutuwa a bakinta. Abin da ya tsayar mata da numfashi a shago ya koma kamar rahoton yanayi a rediyo. Ta ce mutumin ya fito, ya dube ta, ya sunkuya, ya koma.

"Tsaya. Da ya dube ta, ya gane ta?"

"Kamar bai gane ba."

"Kamar? Ina idonsa yake kallo, fuskarta ko hannunta? Hannun mai ɗinkin raga ba ya ɓuya wa masunci."

Tokie ta kai takardar kusa da fuskarta. "Tsakani ne. Ya zana ƙwayar idon a tsakani. In kin so ki ce fuska, in kin so ki ce hannu."

"Kai, tsohon nan mugu ne," in ji Hisano a hankali, kuma yabo ne. "Da na gani da na gaya miki. Ni ba ya ɓoye mini. Wuce."

Ta faɗi zuwan bas da tafiyarsa. Ta faɗi yadda fitilun gidan suka kunnu ɗaya bayan ɗaya, da yadda sawun mutumin a kan hanya ya cike da ƙanƙara. Ta zo shafin ƙarshe.

"Fuskarta ce, ta cika shafin."

"Yaya take?"

"Idanunta a buɗe. Bakin... kamar murmushi, kuma kamar ba murmushi ba."

"Wanne ne, Toki?"

"Ban sani ba."

"Shekara arba'in kina gaya wa mutane abin da za su ji game da littafi. Dubi da kyau. Ta huta ne, ko ta yi da-na-sanin tafiyar?"

"Na duba ya fi sau ɗari, Hisa. Ran da na ga hutu, washegari sai in ga ɗayan. Ke nake jira ki gani mu yi musu."

Maganar ta fita kafin ta kama ta.

"Sau ɗari," in ji Hisano. "Yaushe ya zo?"

Wannan karon Tokie ba ta nemi hanya ba. "Sha biyu ga Fabrairu."

"Ranar da kika zauna nan rungume da jaka kamar mai ciwon ciki, yana ciki?"

"Yana ciki."

Hisano ta jinjina kai a kan matashi. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi komai ciwo. "Ranar har ƙananan rubutun farashin kifi na karanta a jarida. Da minti goma ya ishe ni." Ta numfasa. "Kowa a asibitin nan lallaɓa ni yake kamar ƙwai, har 'yar da na haifa. Na ce ba komai, ran Alhamis mutum ɗaya za ta zo da ba ta ɗauke ni gawa ba tukuna."

Yukari ta toshe bakinta da hannu ta fita. Tokie tana kuka ba sauti, hawaye na ɗiga a kan siket ɗinta, ta kawar da takardun gefe kada su jiƙe.

"Ba ni shi."

Ta zare shafin ƙarshe daga maƙalin ta sa mata a hannu. Hisano ta shafa shi da yatsu daga sama har ƙasa, ta sake shafawa, amma bugun inji ne, sumul yake, babu abin da yatsa zai tsinta. Ta ɗaga shi da hannu biyu ta kawo dab da idon hagu, har takardar na taɓa hancinta, ta juya kai wajen da take jin ɗumin taga. Ta daɗe a haka. A juye ta riƙe shi, haɓar Tsuya na sama.

Tokie ta miƙa hannu a hankali ta kama gefen takardar za ta daidaita mata.

"Bar shi, Toki," in ji Hisano. "Duk ɗaya ne."